Bambar Motar Baba

Mu marubutan littattafan soyayya babu wanda ya kai mu iya saya wa jarumi mota. Shafi ɗaya ya ishe mu mu shigo da shi layin su yarinya a cikin dalleliyar mota baƙa wuluk, gilasai a rufe, sanyin esi na busawa, yaran unguwa na bin ta a guje. Ba ma biyan kuɗin kwastan, ba ma zuwa gareji, motar jaruminmu ba ta taɓa yin faci ba balle a ce wani abu nata ya ruɓe. To yau dai na ɗan ajiye labarin masoya a gefe, zan ba ku labarin wata mota ta gaske wadda ta girme ni da shekara goma sha biyar, da yadda wani ɓangare ɗaya tak na jikinta, wato bamba, ya cinye mini wata huɗu ina lissafi da neman shawara, har ya kusa haɗa ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya.

Motar sunanta MGB, 'yar ƙaramar motar ƙawa ce mai kujera biyu, kanta a buɗe, sai in za a yi ruwa a ja mata rufin tamfol. A garin Abingdon na ƙasar Ingila aka riƙa ƙera irinta tun daga 1962 har zuwa watan Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar, kuma an yi sama da rabin miliyan, mafi yawansu Amurka aka kai su aka sayar. Tamu ƙirar 1966 ce, ja ce, injinta mai lita 1.8, murfin injin na alminiyam, baturanta guda biyu ƙanana a bayan kujeru. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fanal bita ne, sana'arsa ke nan tun yana saurayi, miƙar da jikin mota da guduma. A 1972 ya saye ta a hannun wani Bature injiniya da ke aiki a wata masana'anta a Bompai wanda zai koma gida, lokacin ma ba a fito da naira ba, da fam aka yi cinikin. Na tashi na gan ta a ƙofar gidanmu kamar yadda wasu ke tashi su ga doki a turke. Ranar Juma'a da yamma yakan ɗora ni a kujerar gefe mu zaga gari, iska na kaɗa mini ɗankwali, ni kuwa ji nake duk Kano babu 'yar gata kamata.

Wajen 1994 kayan gyaranta suka gagara samuwa, Baba ya tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida ya lulluɓe ta da buhunhuna, yana cewa sai ya huta zai tashe ta. Bai samu wannan hutun ba har ya rasu a 2011. Da aka zo rabon gado aka yi mata kuɗin gwangwan, babu wanda ya ɗaga ido ya dube ta, ni ce na ce a sa ta a cikin rabona. Matan gidanmu sun yi mini dariya har da riƙe ciki, wai ga filaye ga kuɗi ni na zaɓi akurkin kaji, don a lokacin da gaske kaji ne ke kwana a cikinta.

Ta ƙara shekara goma a nan kafin na samu sukunin taɓa ta. Kun dai san yadda kasuwar littafi ta koma, masu karatu sun bar takarda sun koma waya, abin da marubuciya ke samu yanzu ɗigo-ɗigo ne. Da wannan ɗigon na riƙa tarawa, maigidana yana ɗan ƙara mini, muka kai ta garejin babban yaron Baba, wanda shi ma yanzu tsoho ne mai furfura da yaransa sun fi goma. Kawu muke ce masa tun muna yara, shi kuma har gobe 'yar Oga yake kirana. Shekara biyu ana abu ɗaya, a yi wata uku a tsaya sai kuɗi sun samu. Inji ya tashi, an canza ƙasan da ya ruɓe, an yi birki, an yi fenti ja kamar na da. Abin da ya taimake mu shi ne har yanzu akwai kamfanoni a Ingila da ke yin kusan kowane noti na wannan motar, kai har gangar jikinta sabuwa wani kamfani mai suna British Motor Heritage ya koma bugawa tun 1988 da injinan asali. Ƙanena da ya iya sayayya ta intanet shi ke yi mana oda.

Sai aka zo kan bamba. Wanda bai san irin waɗannan motoci ba zai ce mene ne abin dogon tunani a kan bamba, ai ƙarfe ne a gaba ƙarfe a baya. Amma a motar wancan zamani bamba ita ce kwalliyar fuska, siririn ƙarfe ne mai ƙyalli kamar madubi da ya zagaye gaban motar, da 'yan ƙahonni biyu a tsaye. In ka cire ta, motar sai ta zama kamar amarya ba ɗankunne. Namu kuwa da Kawu ya kwance su ya ajiye a kan benci, sai da na ji hawaye na neman zubo mini. Ta baya ta cinye daga ciki, wurin da taɓon damina ke maƙalewa, yatsa ma yana huda ta. Ta gaba da sauran ƙarfinta, sai dai ƙyallin ya tattashi kamar fatar da ta sha ƙuna, duk ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa.

Yaya ne ya fara kawo tasa shawarar. Da ma tun da ya ga motar ta tashi ra'ayinsa ya canza a kanta, don wani abokin kasuwancinsa mai tara tsofaffin motoci ya ga hotonta ya nuna yana so. Ya zo gidana takanas ya zauna ya ce, "Ke dai ki saurare ni, masu sayen irin waɗannan motoci asali suke saye. Duk abin da kika canza kin rage mata daraja. Ki aika da bambar nan waje a sake mata ruwan kurom ta dawo kamar ranar da ta fito daga kamfani, in kin tashi sayarwa ki mayar da kuɗinki har da riba." Na ce, "Yaya, wa ya ce maka sayarwa zan yi?" Ya ce, "Yau ba ki ce ba, amma kina da 'ya'ya a makaranta, wata rana za ki ce." Maganarsa ta yi mini zafi, amma da na kwanta na juya ta sai na ga akwai gaskiya a ciki, don babu wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi.

Don haka na zauna na koyi mene ne shi wannan ruwan kurom ɗin. Mata 'yan uwana za su fi kowa saurin ganewa, domin irin sarƙar nan ce mai ruwan gwal, cikinta wani ƙarfe ne daban, samanta kawai aka wanke. Bambar asali baƙin ƙarfe ne na yau da kullum. In za a yi mata aiki mai kyau sai an fara cire tsohon ruwan gaba ɗaya, a cike ramukan da tsatsa ta ci, a goge ta sumul, sannan a tsoma ta a cikin kwatarniyar sinadari a sa wutar lantarki, jan ƙarfe ya hau kanta, a sake gogewa, a tsoma ta nikel ya hau, daga ƙarshe kurom ya hau. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shi kurom ɗin da ake ta kiran suna kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Nikel ɗin da ke ƙarƙashinsa shi ke ba da yawancin ƙyallin, shi ke tare ruwa, kurom kuwa shi ke hana nikel dusashewa, ya kuma ba shi wannan haske mai ɗan shuɗi-shuɗi. Mafi yawan kuɗin aikin na gugar hannu ne, domin duk ƙaramin ramin da aka bari sai ya fito ɓaro-ɓaro bayan an gama. Ga kuma wani abu, sinadarin da aka saba yin wannan wanki da shi guba ne mai jawo ciwon daji ga ma'aikata, shi ya sa tun watan Satumban 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman, aikin ya ƙara tsada a can. Na lissafa kuɗin kai ƙarfe mai tsawon nan Ingila, da kuɗin aiki, da na dawowa, ga shi tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 duk abin da za a biya da fam sai ya ƙona aljihu. Kuma duk wannan ta gaba kawai zai ceto, ta baya ta riga ta mutu.

Hanya ta biyu ita ce a sayi sababbi masu ruwan kurom da ake bugawa yanzu a kan fasalin na da. Waɗannan sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma a ido ba ka bambanta su da na asali. Matsalarsu ita ce ingancinsu ba ɗaya ba ne, wasu masana'antun sukan tsallake jan ƙarfen, su sa nikel shafal-shafal, kai kuma mai saye daga nesa ba ka da yadda za ka auna abin da ke ƙarƙashin ƙyalli. Ranar da ta iso za ka yi murna, sai damina biyu ta wuce kafin ka san abin da ka saya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Ana cikin haka ƙanena ya kira ni da murnarsa, wai ya ga bambar MGB gaba da baya a wajen wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a Ingila, kuɗin kamar kyauta. Da ya turo hoton sai na ga wasu baƙaƙen abubuwa ƙatti-ƙatti kamar leɓen raƙumi. Na kai wa Kawu hoton, ya yi dariya ya ce, "'Yar Oga, wannan ai ta ƙannenta ce, ba tata ba." Ashe ita ma baƙar bambar da tarihinta. Gwamnatin Amurka ce ta kafa doka cewa daga motocin 1973 dole gaban mota ya iya jure karo a gudun mil 5 a awa, wato kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba, daga na 1974 kuma aka ce gaba da baya duka. Da yake Amurka ce babbar kasuwar MGB, kamfanin ba shi da zaɓi. A ƙarshen 1974 ya jefar da siririn ƙarfen nan mai ƙyalli ya kawo katakon ƙarfe mai nauyi da aka lulluɓe da wani irin baƙin roba, ya kuma ɗaga motar sama da aƙalla inci ɗaya don ta dace da tsayin da dokokin suka nema. Motar ta ƙara nauyi a gaba da baya, ta rage iya shan kwana, masoyanta suka yi ta gunaguni. Amma maganar gaskiya ita ce baƙar bambar ta fi ta da iya aikin bamba, tana shan duka ta koma yadda take. Har yau a Ingila akwai masu cire ta su mayar da motarsu mai ƙyalli, akwai kuma masu cewa a bar kowace mota da zamaninta. Mu dai tamu ta 1966 ce, kuma don a ɗaura mata wannan sai an yanka jikinta an yi walda, domin wuraren ɗaurin ba ɗaya ba ne, har fitilun sigina na gaba a cikin bambar suke a waccan ƙirar. Kawu ya ce shi dai hannunsa ba zai yanka jikin motar Oga ba. Magana ta mutu a nan.

Da labari ya bazu a layin garejin, masu shawara suka yi yawa. Wani mai walda ya ce in ba shi kwana biyu ya lanƙwasa mini bututun ruwa irin wanda ake sa wa motocin haya, ya fesa masa fenti ruwan azurfa, ko tirela ce ta buge ni ita za ta ji jiki. Na yi masa godiya. Wani yaro mai gyaran bambar motocin zamani kuma ya ce zai ɗauki fasalin tsohuwar ya zuba mini ta faiba. Wannan na ɗan tsaya na yi tunani a kai, domin faiba ba abin rainawa ba ne, tun 1953 Amurkawa suka yi gangar jikin motar Corvette da shi. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ga sauƙin kuɗi. Masu tsere da MGB ma sau da yawa cire bambar suke yi gaba ɗaya don rage nauyi. Sai dai faiba ba ya lanƙwasa, in an buge shi tsagewa yake yi, kuma ba ya karɓar ruwan kurom ta hanyar da ƙarfe ke karɓa, sai dai fenti, fenti kuwa komai kyansa ba ya zama madubi. Wanda zai shiga filin tsere ya sa faiba ya yi daidai. Ni kuwa cikin 'yan adaidaita sahu zan shiga.

Saura hanya ta ƙarshe, wato bambar da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na kwanon silba da cokulan da ke kicin ɗinmu. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya shahara da gano shi a garin Sheffield a 1913. Shi wannan ba wanke shi aka yi ba, kurom ɗin a cikin jikinsa yake tun daga narki. Irin wanda ake yin bamba da shi ana kiransa lamba 304, kashi 18 cikin ɗari nasa kurom ne, kashi 8 nikel. Da iska ta taɓa shi sai wata fata da ido ba ya gani ta rufe shi ta hana tsatsa, in an kankare ta kuma ta sake fitowa da kanta. Ƙyallinsa na guga ne zalla. Akwai masana'antu a ƙasar Biyetnam da suka ƙware wajen yin irin waɗannan bambobi na tsofaffin motocin Turai, yawancin aikin da hannu. Kuɗinsu ya fi na sababbi masu ruwan kurom, amma bai kai abin da na lissafa na aika tsohuwa waje ba. Shi ma da nasa aibin. Haskensa yana da ɗan ɗorawa-ɗorawa, bai kai kurom fari ba, wanda ya san mota zai gane daga taku biyar. Ya fi kurom saurin nuna ƙarce. Kuma a wuraren gasar tsofaffin motoci inda alƙalai ke duba asali, ana iya rage wa mota maki a kansa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da Yaya ya riƙe.

Muka yi kusan wata guda ni da shi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi yana ganin ina wasa da dukiyar da za ta iya yi wa 'ya'yana rana, ni kuma ina ganin yana kallon motar Baba kamar buhun masara. Hajiyarmu ce ta gaji ta tara mu a ɗakinta ranar wata Asabar. Yaya ya yi bayaninsa na asali tiryan-tiryan. Ta bari ya gama sannan ta ce, "Kai da kake ta asali asali, sitiyarin motar nan a wane hannu yake?" Ya ce, "A hagu mana, Hajiya." Ta ce, "To a dama ya zo. Shekarar da ubanku ya saye ta ita ce shekarar da aka canza hannun tuƙi a ƙasar nan, ranar 2 ga Afrilun 1972, ban manta ba don saura wata biyu bikinmu. Da hannunsa ya kwance gaban motar nan ya mayar da sitiyarin hagu, ya yi wata shida yana jiran kaya daga waje. Baturen da ya sayar masa ma ya ce zai ɓata ta. Ya ce shi mota ya saya ya hau, ba ya ajiye yana kallo ba." Yaya ya yi shiru. Ni ma ban taɓa sanin wannan ba sai ranar. Ashe asalin da muke ta faɗa a kansa, mai motar da kansa ya riga ya taɓa shi tun kafin a haife mu.

Amma abin da ya yanke mini hukunci a garejin Kawu na same shi. Na je da 'yan gutsattsarin ƙarfe biyu da ƙanena ya samo mini don gwaji, ɗaya mai ruwan kurom, ɗaya na silba. Kawu bai ko kalle su ba, sai ya juya tsohuwar bambar gaba ya nuna mini cikinta ta ɓangaren hagu. Ya ce, "Sa yatsanki a nan." Na shafa, na ji wasu 'yan tabbai a jere, ƙanana, daidai wa daida kamar an auna. Ya ce, "Gudumar Oga ce wannan. Kina goye lokacin, wani mai amalanke ya shigar mata a bakin kasuwa. Ina riƙe da ita yana bugu, ya miƙar da ita har ba ka ganin komai. Duk garin nan babu mai hannunsa. To juya ki ga wajen." Na juya. Daidai wannan wurin ne tsatsa ta fi ci, daga nan ta bazu zuwa ko'ina. Ya ce, "Kin gani? Ƙarfen ya bi guduma, amma ruwan da ke kansa bai bi ba, ya tsattsage, ruwan sama ya samu hanya. Oga ya san haka zai faru, ya daɗe yana shafa mata mai a wurin. Abin da ya gagare shi ke nan a motar nan, don ba aikin guduma ba ne, aikin masana'anta ne."

Sannan ya ɗauki guntun silban ya ɗora a kan maƙera ya kantara masa guduma har ya lotsa. Ya kira wani yaronsa ya ce ya gyara. Yaron ya buga daga baya, ya bi da zarto mai laushi, ya bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai santsi, ya kai shi kan injin guga. Ya ɗan sha wuya, don wannan ƙarfen yana ƙara tauri in ana bugunsa, amma kafin la'asar ya kawo mini shi ina ganin fuskata a ciki. Kawu ya ce, "'Yar Oga, ni na kusa tafiya. Ki sa wa motar nan abin da yaran nan za su iya gyara miki bayan ba ni."

Wannan maganar ce na tafi da ita gida. Duk lissafin da na yi ta yi a baya na ranar saye ne, wanne ya fi kyau, wanne ya fi araha, wanne mai saye zai fi so. Kawu shi ranar da za a buge ta yake lissafawa, kuma duk wanda ya san titin Kano ya san wannan ranar tana nan tafe. Mutumin Ingila da ke da mai wankin kurom a garin da ke kusa da shi, yana ajiye motarsa a ɗaki ya fito da ita ranar gasa, in ya zaɓi kurom ya yi daidai. Ni motata za ta sha ƙurar hunturu, ta sha taɓon Agusta, ta tsaya a danja tsakanin babura, kuma masu gyaran da nake da su guduma da samfefa ne a hannunsu. Na ce wa ƙanena ya yi odar ta silba, gaba da baya, har da ƙahonninta.

Da Yaya kuwa ga yadda muka daidaita. Ba a yanka komai a jikin motar ba, ba a huda sabon rami ba, noti ne kawai ke riƙe da sababbin. Tsohuwar ta gaba an wanke ta, an shafe ta da mai, an naɗe ta a buhu, tana ɗakin Hajiya a bayan gado. Duk ranar da wani daga cikin 'ya'yanmu ya ga yana da hali da sha'awar mayar da ita asali, ko larura ta sa dole a sayar, ga ta nan, aikin awa biyu ne a musanya bayan an wanke ta. Yaya ya ce in dai haka ne shi ba shi da ja. Shi ne ma ya biya kuɗin kwastan da kayan suka iso, bai gaya mini ba sai a bakin ƙanena na ji.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ɗaurin ma sai da haƙuri. Da yake aikin hannu ne, ramukan ba su zauna daidai da ƙafafun da ke riƙe bambar ba, Kawu ya yi kwana biyu yana gwadawa yana saukewa, ƙafafun yake ɗan lanƙwasawa har tazarar da ke tsakanin bamba da jikin mota ta zama ɗaya hagu da dama. Ƙafafun baƙin ƙarfe ne, kuma in baƙin ƙarfe ya haɗu da silba a wuri mai laima shi ne ke saurin ciwuwa, don haka ya yi musu fenti hawa biyu ya sa 'yar roba a tsakani. Notunan silba kuma suna da halin cijewa in an ɗaure su a bushe, sai da ya shafa musu giris. Ya kuma gwada bambar da maganaɗisu, ya ga ba ya kama ta kamar yadda yake kama baƙin ƙarfe, sannan hankalinsa ya kwanta cewa ba fenti aka sayar mana ba. Wani abin da ya ja mini kunne a kai shi ne kada ƙyalli ya ruɗe ni, bambar wancan zamani ko da me aka yi ta kare fenti da fitila kawai take yi a ƙaramin gogayya, ba ta kare rai. Don haka muka sa bel mai kyau a kujerun biyu, kuma ba na hawa babbar hanya da ita.

Ranar da aka kawo ta gida Hajiya ta fito da sandarta ta zagaya ta sau biyu, ta tsaya a gaba ta daɗe tana kallo. Ta ce ta ubanku ta fi wannan fari. Na ce haka ne, Hajiya. Ta ce amma ba laifi, a buɗe mata ƙofa. Wata na uku da fara fita da ita wani mai babur ya goge ta a kusurwar baya ya bar mata zane mai tsawon tafin hannu, ya tsaya yana ta rantse-rantse yana ba da haƙuri. Na ce ya tafi abinsa. Washegari yaron Kawu ya goge wurin kafin in gama shan lemon da aka sayo mini, abin da na ba shi bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba.

Yanzu abin da ya rage shi ne rufin tamfol, wanda ɓeraye suka gama da shi tun tuni, kuma tuni an fara kawo mini shawarwari, wani ya ce leda, wani ya ce yadi. Tambayar da zan fara yi wa kowa ita ce in ya yage wa zai ɗinke mini shi a nan garin. In na samu amsa kafin damina za ku ji.